Samarin Malam Liti Mai Rijiya

Duk wanda ya taɓa kwana a Unguwar Hajji da rani ya san cewa Malam Liti ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci bayan sallar asuba. Zai gaisa da liman, ya tambayi dattawa yadda suka tashi da iyali, ya wuce. Kafin gari ya gama wayewa yana zaune a zaurensa, ya warware igiyar aiki a gabansa, yana bin ta da yatsu taki bayan taki. Inda ya ji ta yi laushi ko ta fara sili, sai ya tsaya ya murza, ya kai ta kusa da ido. Idan bai yarda da ita ba, ranar ba mai shiga rami da ita, ko da dagaci ne ke jira.

Yana cikin haka samarinsa za su fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ka karya?"

Tambayar ke nan da yake yi wa kowa, kuma ba ya karɓar amsar baki. Barira, matarsa, ta riga ta sani, don haka tun kafin a tambaya ƙwaryar koko ta fito daga cikin gida. Sai kowa ya sha, sannan a ɗauki diga da dagi da shebur da kwanukan kwasar ƙasa, a ɗora wa jakai siminti, a kama hanya. Shi ne a baya kullum, yana ɗingishi kaɗan da ƙafar hagu, yana duban abin da aka manta.

Shekara ashirin da bakwai ya yi a aikin rijiya. A wannan rani na 1958 ƙirji da gwiwa suka ce masa ya isa, ya kuwa ji maganarsu. Ba za a yi taro dominsa ba, ba kuma wanda zai rataya masa lamba. Shi ya sa na ga ya kamata in tsaya a gaban masu karatu in faɗi abin da na gani da abin da waɗanda suka gani suka ba ni labari, tun yana raye, tun kunnensa na ji.

Mutumin Zoza ne, ɗan manomi. A ƙuruciyarsa ruwan kududdufi ake sha a garinsu idan rijiyoyin ƙasa suka rufta, kuma kusan kowace damina sai sun rufta. Daga wannan ruwa kurkunu ke kama mutane. Ya sha ba da labarin shekarar da kurkunu ya kwantar da mahaifinsa da shi kansa a tsakiyar noman farko, suna zaune a bakin zaure da ƙafafu a kumbure, suna kallon ciyawa tana cinye musu dawa. Ɗingishin da yake yi har yau daga nan ya samo shi.

Yana da kusan shekara talatin aka kawo aikin rijiyar siminti ƙasar Karaye. Ana haƙa rami, ana zuba siminti a bangonsa zobe bayan zobe har a kai ga ruwa, ta yadda ƙasa ba za ta rufta ba, ƙazanta kuma ba za ta gangara ciki ba. Liti ya shiga aikin a matsayin lebura. Heluman da ke kansu, wato shugaban leburori, wani mutum da ya zo daga nesa, gwani ne ƙwarai, amma ba ya son a san abin da ya sani. Idan za a kwaɓa siminti sai ya sa a kewaye wurin da zana, ya auna da kansa, sannan ya kira leburori su juya. Idan zai daidaita tsayuwar rami da zaren awo sai ya aiki kowa ɗebo ruwa.

Shekara shida Liti yana ɗaukar kwano a ka. Abin da aka hana shi gani da ido sai ya riƙa lissafa shi da wuya: kwano nawa na yashi ya kai bayan zana, nawa na tsakuwa, buhu nawa aka farke. A haka ya gano cewa siminti ɗaya ne, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ya ce ranar da ya gane, bai yi murna ba. Zama ya yi a gindin wata ɗorawa yana jin haushi.

"Abin da za a gaya wa mutum cikin numfashi ɗaya," in ji shi, "shi na yi shekara shida ina nema."

Da heluman ya koma ƙasarsu, aka duba cikin leburori aka ga ba wanda zai iya riƙe aikin sai Liti. Ranar farko da ya zama heluma, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka naɗe zanar nan aka ba wata tsohuwa ta gyara dangarta.

Bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ƙauyukanmu suka cika da samari marasa abin yi da rani. Wasu sun dawo daga haƙar kuza a Jos, inda aka ɗebe su ala tilas lokacin yaƙi, sun dawo da tari da hannu wofi. Wasu da an gama roron gyaɗa sai su ɗaure ƙunshi su tafi cin rani, su yi dako a birni, su dawo da damina ba su ƙaru da komai ba. 'Ya'yan masu hali suna da makaranta, 'ya'yan masu sana'ar gado suna da ta iyayensu. Ɗan talaka manomi ba shi da ko ɗaya daga watan da aka kai amfani gida har zuwa saukar ruwa.

Cikin waɗannan Malam Liti ya riƙa ɗiba. Ba ya tambayar ɗan wane ne, ba ya tambayar gidansu gadon me suka yi. Sharaɗinsa biyu: uba ko uwa su kawo ka da kansu, kuma ka yarda za ka yi rani uku. Rani na farko kana sama, kana kwaɓi, kana jan igiya, kana koyon ƙasa da hannu: wannan jar ƙasa ce, wannan marmara, wannan yashin da ke zubowa ne mai cin rai. Rani na biyu ka shiga rami tare da shi. Na uku ka riƙe zaren awo, shi kuma ya koma gefe ya yi shiru, ko da yana ganin kana kuskure, sai dai in kuskuren na kisa ne.

Abokan aikinsa ba su ji daɗi ba. Wani heluma ya same shi a kasuwar Karaye ya ce, "Malam Liti, kana tara wa kanka masu ƙwace maka aiki."

Ya ce, "Ka zo in kai ka Rogo ka ƙirga garuruwan da ke shan kududdufi. Idan ni da kai za mu gama su kafin mu mutu, sai in sallami yaran."

Cikin waɗanda ya fara ɗauka akwai biyu da suka fi shiga ransa: Basiru, mai sanyin hali, da Ilu, ɗan wata bazawara mai suna Hajo daga Fulatan. Ilu saurayi ne mai zafin nama, shekararsa ashirin, abin da ake koya wa wasu a mako shi a kwana biyu ya ɗauke. Malam Liti yakan ce da shi, "Kai, hannunka ya riga kanka tafiya."

A ranin 1949 mutanen Fulatan suka roƙi a yashe musu wata tsohuwar rijiya da aka rufe da itace da ƙasa shekaru da yawa, a ɗaure ta da siminti. Aka buɗe bakinta da hantsi. Ana cikin haka dagaci ya aiko yana son Malam Liti ya je ya duba wani fili a ɗaya gefen gari. Kafin ya tafi ya ce wa samarin, "Kada kowa ya shiga sai na dawo. Sai an saka fitila tukuna."

Dama al'adarsa ce ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta cikin rami kafin mutum ya sauka. Samarin sun saba ganin haka, amma ba wanda ya san dalili. Wasunsu sun ɗauka wani asiri ne nasa na korar aljanu.

Ilu ya ga rana tana yi, ga rijiyar garinsu, ga mata sun taru suna kallo. Ya so Baba ya dawo ya tarar an fara. Ya ɗaura igiya, ya sauka. Basiru ya ce sun ji muryarsa har wajen zurfin gaba bakwai, yana cewa a ƙara saki. Da ya taka ƙasa ya kwance igiyar daga ƙugunsa don ya ji daɗin aiki. Daga nan suka kira, shiru.

Da gudu aka je aka kira Malam Liti. Ya iso ya tarar Basiru ya riga ya zura ƙafa ɗaya a bakin rijiya. Ya cafke shi ta baya.

Basiru da kansa ya ba ni wannan labari. Ya ce, "Na ce masa, Baba, sake ni, Ilu yana ciki. Ya ce, na sani. Na fizge, ya riƙe, har rigata ta rabu biyu. Ya ce, idan ka shiga gawa biyu zan fitar. Ban taɓa jin muryarsa haka ba."

Ya kunna fitila ya zura. Ba ta kai gaba shida ba ta mutu. Ya sa aka sassaro rassan maina masu ganye aka ɗaure su dami guda, aka riƙa zura su ana fizgowa da sauri don iskar sama ta shiga. Sai a karo na uku fitilar ta kai ƙasa da wutarta. Sannan ya ɗaura igiya ya sauka da kansa, ya goyo Ilu ya fito da shi. Rai ya riga ya yi halinsa.

Aka yi jana'iza bayan azahar. Mutanen gari suka ce mutanen ɓoye ne ke cikin rijiyar. Malam Liti bai yi musu da kowa ba a ranar. Ya yi zaman makoki kwana uku a ƙofar gidan Hajo, ya koma gida, ya kai kayan aiki ɗakin ajiya ya rufe. Ya aika wa manyansa na wurin aiki cewa a nemi wani. Samarin suka riƙa zuwa da safe suna gaishe shi, yana amsawa, yana cewa su tafi gida.

Barira ta ce damina guda ya yi bai ci abincin kirki ba. Gona kawai yake zuwa ya dawo. Wata rana ta ce masa, "Malam, ai ka hana shi. Kowa ya ji ka hana shi."

Ya ce, "Na hana shi, amma ban nuna masa abin da nake tsoro ba. Na yi masa abin da aka yi mini. Na ɗauke zana ta kara, na bar wata a bakina."

Bayan an kai amfani gida, wata ranar Laraba da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gidansa. Hajo ce, ta tako da ƙafa tun daga Fulatan, tare da wani saurayi dogo mai kama da Ilu. Barira ta shigar da ita, ta ba ta ruwa. Malam Liti ya shigo ya durƙusa nesa da tabarmarta, kansa a ƙasa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, ya yi mata ya ƙarin haƙuri.

Ta ce, "Haƙuri sai godiya. Malam Liti, an ce ka daina aiki."

"Na daina, Hajo."

"Saboda yaron nan?" Ilu ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunansa.

"Ke kika kawo mini shi da ƙafarsa, na mayar miki da shi a kan makara. Da wane ido zan karɓi ɗan wani?"

Hajo ta gyara zama. Sannan ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, wannan ba ni ba kai. Amma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Kafin ya zo wurinka, duk rani sai ya tafi, ban san inda yake kwana ba, ban san me yake ci ba. Rani biyun da ya yi a hannunka, shi ya sake mini jinkar ɗaki. Idan ya shigo gari dattawa suna kiransa su tambaye shi shawara a kan rijiyar gidansu. Ni ban taɓa zaton ɗana zai zama wanda ake tambaya ba."

Ta juya ta nuna saurayin da ke tsaye a bakin ƙofa. "Wannan Sulle ne, ƙanensa. Shi kaɗai ya rage mini. Ya ɗaure kayansa zai tafi Jos. Na ce in dai rami zai shiga, gara ya shiga na wanda ya san zafin fitar da gawa. Ga shi nan."

Malam Liti ya ce, "Hajo, ki yi mini rai."

Ta ce, "Rijiyar can tana nan a buɗe, ba mai zuwa kusa da ita. Har yanzu kududdufi muke sha. Ni ban zo roƙo ba, amana na kawo." Ta miƙe ta gyara mayafinta. Barira ta yi ta yi da ita ta kwana, da ƙyar ta yarda.

Washegari Malam Liti ya buɗe ɗakin ajiya. Ya aika aka kira samarinsa duka, suka raka Hajo har Fulatan. A bakin rijiyar nan, wadda muguwar iska ta sake taruwa a cikinta, ya tara su, ya tara mutanen gari. Ya ba kowane saurayi fitila ya zura da hannunsa, ya ga yadda harshen wutar ke ƙanƙancewa har ya mutu. Ya ce, "Abin da ya kashe wutar nan shi ya kashe ɗan'uwanku. Ba aljani ba ne. Ramin da ya daɗe a rufe iskarsa lalacewa take yi. Inda wuta ba ta rayu ba, mutum ba ya rayuwa." Sulle ne na ƙarshe da ya riƙe igiyar fitilar. A ranin nan suka ɗaure rijiyar, kuma daga ita ake sha har gobe.

Tun daga lokacin koyarwarsa ta sake. Ba ya ba da umarni sai da dalilinsa, kuma sai saurayi ya maimaita masa dalilin da bakinsa. Idan sabon zuwa ya yi tambaya aka yi masa dariya, mai dariyar shi zai amsa tambayar. Ya kafa doka cewa mafi ƙanƙanta a wurin aiki yana da ikon ya ce a tsaya idan ya ga abin da bai gane ba, kuma sai an tsaya.

Wata matsalar kuma ta taso daga inda bai zata ba. Aka fito da tsari cewa ba za a ɗauki mutum aikin heluma ba sai yana da takardar shaidar sana'a, takardar kuwa sai an ci jarrabawa, jarrabawar kuma tana bukatar mutum ya karanta lambobin tef ɗin awo, ya gane zanen rijiya a takarda, ya rubuta sunansa. Samarin Malam Liti suna iya ɗaure rijiya mai gaba goma sha biyar ba karkata, amma ba mai iya karanta lamba ɗaya. Aka riƙa kawo wasu daga nesa ana ɗora su a kansu, su kuwa suna nan leburori.

Ya hau motar gyaɗa ya tafi Kano, ya yi kwana huɗu yana zaman jira a wani ofis kafin ya ga babban ma'aikacin da abin ke hannunsa. Mutumin ya saurare shi da mutunci, ya ce ba shi da ikon ɗage ƙa'ida. Malam Liti ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo a ɗage ba. Karatun mu za mu nemo. Abin da nake roƙo, idan lokaci ya yi a zo a gwada su a bakin rijiya, a ga hannunsu." Aka yi masa alkawarin haka.

A nan ni na shigo labarin. A 1953 aka ba ni ajin yaƙi da jahilci a Karaye, muna zama bayan la'asar a rumfar kara. Malam Liti ya gaya wa samarinsa su je. Mako biyu ba wanda ya zo. Yawancinsu magidanta ne da 'ya'ya, suna jin kunyar a gan su suna a, ba, ca. Ranar Litinin ta mako na uku na ɗaga kai sai na ga dattijo mai furfura ya tuɓe takalmi ya zauna a sahun gaba.

Na ce, "Baba, ko akwai saƙo ne?"

Ya ce, "Malam, karatu na zo. A ba ni allo."

Na kira harafi, ya maimaita da ƙarfi yadda duk mai wucewa zai ji. Kafin mako ya ƙare samari goma sha ɗaya suna zaune a bayansa. Gaskiya ita ce shi kansa bai yi nisa ba. Idonsa ya fara rauni, yatsunsa kuma sun saba da dagi, alli yana karyewa a hannunsa. Ya iya lambobi, ya iya rubuta Liti. Amma wata tara bai yi fashi ba sai ranar da aka yi rasuwa a unguwarsu. Da na yaba masa, sai ya ce, "Ni ba takarda nake nema ba. Idan na tashi, tashi za su yi."

Mai jarrabawa ya zo a ranin da ya biyo. Kwana uku yana sa su kwaɓi, su yi awo, su sauka, su karanta. Malam Liti ya ƙi zuwa wurin don kada a ce ya yi wa wani ishara. Yana gida, Barira ta ce ya kai gwauro ya kai mari tsakanin zaure da tsakar gida har ta gaji da kallonsa. Takwas suka ci, Basiru da Sulle a cikinsu. Uku suka faɗi. Su ukun ya fara nema kafin ya yi wa kowa barka, ya mayar da su aji, biyu suka ci a shekara ta gaba. Na ukun, Bappa, har yau boko ya ƙi shiga kansa, amma a duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi gane inda ruwa yake kusa, kuma masu gonakin rake ba sa barinsa ya zauna.

Malam Liti, kai ne ka karɓi 'ya'yan da ba su da gadon komai ka ba su abin da za su bar wa nasu. Kai ne ka ɗauki laifin da ba wanda ya ɗora maka, ka mai da shi darasi. Kai ne ka zauna a tabarmar masu koyo da furfurarka don kada kunya ta hana wani cin abinci. Mutum arba'in da ɗaya suka bi ta hannunka. Basiru yana riƙe da nasa ayarin a wajen Gwarzo, wasu suna ƙasar Zazzau, wasu na Katsina, kuma kusan kowannensu yana da nasa samarin. Uban marasa gado, sannu da aiki.

A watan jiya aka gama sabuwar rijiya a Unguwar Hajji, ta farko a garin da aka yi daga sama har ƙasa bai sa hannu ba. Sulle ne ya riƙe aikin. Da aka kai ruwa, suka zo suka ce, "Baba, sai ka duba kafin a miƙa wa mutane."

Barira ta ce ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce sau ɗaya ne. Suka ɗaura masa katako ya zauna a kai, mutum shida suka riƙe, suka sauke shi a hankali. Yana tafiya yana ƙwanƙwasa bango da 'yar guduma, yana saurare. Muna sama muna jin sautin yana nisa. Can sai sautin ya tsaya, ya daɗe, sannan ya ci gaba. Da aka fito da shi ya zauna a kan buhu yana mai da numfashi.

Ya ce, "Sulle, zobe na tara, ta gabas, akwai inda simintin bai zauna ba."

Sulle ya durƙusa ya ce, "Haka ne, Baba. Shekaranjiya na gani. Har mun yi shirin gyarawa, sai na ce a bari ka fara dubawa."

Malam Liti ya dube shi. "Wato ni kake gwadawa?"

"A'a, Baba. So nake in san ko akwai na biyu da ban gani ba."

"Babu," in ji shi. Ya miƙa masa gudumar. "Babu na biyu. Ku je ku gyara."

Ya dafa kafaɗar Bappa ya miƙe, ya nufi gida.

Mun gode, Malam Liti. Matan da suka huta da tafiyar mil uku neman ruwa sun gode. Manoman da damina ke samu a tsaye da ƙafafunsu sun gode. Iyayen da 'ya'yansu ke kwana a gida da rani sun gode. Allah ya ba ka lafiyar ƙirji, ya sa ka huta a cikin jikokinka, ya saka wa Barira da ta ciyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ya jiƙan Ilu.

Ku kuma masu sana'a, maƙera da kafintoci da teloli da masu gyaran keke, kowane ɗayanku akwai saurayi a unguwarsa da ke shirin ɗaure ƙunshi bana. Ku kira shi tun bai tafi ba, ku nuna masa aikin, ku gaya masa dalilinsa. Masu iko kuma su duba: abin da mutum ɗaya mai ɗingishi ya yi daga zaurensa, me zai hana a kafa masa rumfa da kayan aiki a Karaye da Rogo, a sa irin su Sulle su koyar? Wanda duk ya bi ta ƙasarmu ya sha ruwa mai sanyi a rijiyar siminti, ya tambayi wanda ya ɗaure ta. Idan an faɗa masa, ya ƙara tambaya ɗaya: wa ya koya masa?